Wane Itace Ya Fi Kusa Da Rijiya?

Wasu iyayenmu a Batsari da Safana sukan ce lissafin makaranta ba ya aiki a gona. Ni dai ban yarda ba.

A ce an dasa mangwaro layi-layi, tazara ɗaya, rijiya a tsakiya. Wanne mai tulu zai fi saurin kaiwa? A ninka tazarar gabas da kanta, ta arewa da kanta, a haɗa. Biyu gabas biyu arewa ya ba da 8, uku gabas kawai 9. Ashe na farko ya fi kusa, in an yanke ta tsakiya! Jerin yakan tafi 1, 2, 4, 5, 8, 9, 10. Babu 3, 6 ko 7. A 25 kuwa, itatuwa 12 ne nisansu ɗaya.