Dajin Kamuku Namu Ne, Ko Mun Sallama?

Duk shekara idan bazarar Japan ta kama, shafukanmu na Facebook sukan cika da hotunan furanninta, da tsaunin Fuji, da barewar birnin Nara da ke yawo cikin mutane ba mai jifanta. Sai mu bi ƙasa da sharhi: "Allah Ya kai mu," "Waɗannan su ne mutane." Sha'awar wuri mai kyau ba laifi ba ce. Abin kunyar shi ne, da yawa cikinmu masu wannan sharhi, har da 'yan jihar Kaduna, ba mu san cewa muna da gandun daji na ƙasa a Birnin Gwari ba.

Sunansa Kamuku. Tun 1936 hukumar En'e ta keɓe shi, ya zama gandun namun daji na jiha a 1985, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1999. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 1,120, kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kwiambana na Zamfara. A cikinsa ruwan Dogon Ruwa ke kwararowa daga dutse, a cikinsa Goron Dutse da Tsaunin Rema suke. An san shi da giwa, gwanki, kanki, mugun dawa da jan biri, da tsuntsaye fiye da iri 170. Gwarawa da Kamukawa suna da duwatsu da bishiyoyi da rafuka a wurin waɗanda kakanninsu suka girmama.

Yau kuwa, in an ce dajin Birnin Gwari, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne kuɗin fansa. Mun tuna gomman mutanen da aka kashe a Gwaska a watan Mayun 2018. Mun tuna shekarun da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta koma sai da rakiyar sojoji, da yadda 'yan Ansaru suka samu wurin zama a yankin. Takaici ya kai har a farkon 2022 gwamnan lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya fito fili yana goyon bayan a yi wa dazuzzukan ruwan bama-bamai, a sake dasa bishiyoyi daga baya. Mutane da yawa sun tafa masa. Mu muna cewa wannan tunanin kuskure ne. Ba doka da maje da kaɗanya suka sace kowa ba. Ɗan bindiga yana da babur, in an ƙone wannan dajin zai koma na gaba. Manomin Birnin Gwari ne za a bari da ƙasar da ruwa ke wankewa da rafukan da suka ƙafe.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Dajin Kamuku mu muka fara barinsa kafin ɓarayi su same shi. Mu da ke aikin kwamfuta mun san haka: manhajar da ba mai buɗe ta, ba mai duba ta, ita masu kutse ke mayarwa gida. Dajin da ba ɗalibi, ba mai bincike, ba baƙo, ba maƙwabcin da ke ganin yana da rabo a ciki, ya zama na duk wanda ya fi ƙarfi.

Nan ne ya kamata mu dubi Japan da idon basira, ba da idon sha'awa kawai ba. Su ma sun yi asara kafin su farka. A 1949 gobara ta lalata tsofaffin zane-zanen bangon haikalin Horyu-ji, a 1950 suka kafa dokar kare kayan tarihi. Dajin Shirakami da ke arewacin ƙasar, an so a ratsa shi da hanyar mota a shekarun 1980, mutanen yankin suka tsaya kai da fata har aka fasa, a 1993 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya. A ƙauyen Shirakawa-go, gidajen da baƙi ke tururuwar gani masu rufin ciyawa ne, kuma in rufin ya tsufa mutanen gari ke haɗuwa su sake shi, al'adar da suke kira yui. Mu gayya muke kiranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a can da nan duka. Matsalarsu yanzu ma yawan baƙi ce: a 2024 sai da aka sa kuɗin shiga yen 2,000 aka kuma ƙayyade mutum 4,000 a rana a babbar hanyar hawa Fuji.

Darasin ba na kuɗi ba ne. A can mai zama kusa da wurin tarihi yana cin moriyarsa, don haka yake tsaronsa. A nan, tun zamanin Turawa, ma'anar gandun daji ga talaka ita ce "an hana ka": kada ka yi itace, kada ka yi kiwo, kada ka yi farauta, in an kama ka tara. Me aka ba shi a madadi? Wanda bai taɓa ganin amfanin daji ba sai hukunci, don me zai sa ransa a kansa?

Mun san abin da za a ce mana: ana binne mutane kuna maganar giwa. Mun yarda rai ne gaba da komai, kuma ba mu ce kowa ya ɗauki iyalinsa gobe ya nufi Dogon Ruwa ba. Amma maganar dajin ita ce maganar rayukan. Muddin wannan fili mai faɗi yana nan ba mai shi, duk sulhun da aka yi na wucin gadi ne.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Wannan ne lokacin haɗari ga dajin, domin hanyar da ta buɗe wa ɗan kasuwa ta buɗe wa motar gawayi, da mai injin yankan katako, da mai haƙar zinare. Abin da bindiga ta bari, gatari na iya ƙarasa shi.

Don haka muna neman abubuwa a bayyane. A ɗauki masu gadin daji daga ƙauyukan da ke kewaye da shi, Gwarawa da Kamukawa da Hausawa da Fulani, a biya su a kan lokaci. A ba masarautar Birnin Gwari da waɗannan ƙauyuka kujera a wurin yanke shawara, da kaso a rubuce daga duk abin da gandun ya samu. A shata wa makiyaya burtali na gaskiya maimakon a bar su tsakanin tara da ɗan bindiga. A sa Kamuku cikin darasin 'yan firamare na jihar.

Mu ma masu rubutu da karatu akwai namu. Dattawan da suka san sunan kowane dutse da rafi a dajin nan suna ƙarewa, wasunsu a gudun hijira. Mu je mu ɗauki muryarsu, mu rubuta, mu ajiye taswira da sunayen a intanet da Hausa. Kafin mu sake roƙon Allah Ya kai mu Nara, mu roƙe Shi Ya nuna mana ranar da motar makaranta za ta tashi daga Kaduna da yara, su ga Goron Dutse, su dawo gida kafin magariba.