Bayan an yanke ƙyalle, wa ke riƙe hanya?



Duk mai bin hanyar Yamai zuwa Doso ya san layin dogon nan da ke kwance gefen kwalta. A watan Afrilun 2014 aka yi bikin soma aikinsa, kamfanin Bolloré na Faransa ke riƙe da aikin. A Janairun 2016, saura ƴan makonni a yi zaɓe, shugaba Issoufou Mahamadou ya ƙaddamar da wajen kilomita 140 da aka shimfiɗa. An yanke ƙyalle, an yi kiɗa, an ɗauki hotuna. Tun daga ranar har yau jirgin bai kai buhun gero ko ɗaya kasuwa ba. Layin ya tsaya a Doso, dogon Kwatano kuma ya tsaya a Paraku tun zamanin Turawa, tsakaninsu ba a shimfiɗa komi ba. Shari'ar da aka yi a Benin tsakanin Bolloré da attajiri Samuel Dossou ta idar da binne maganar. Yanzu rairayi da ciyawa ne ke hawan jirginmu.

Mun tuno da wanga labari ne saboda ana ta zancen makomar hanyoyi a ƙasar nan, kuma kullum zancen na tsayawa wajen sabon aiki: wace hanya za a gina, wane jirgi zai zo. Mu a ganinmu makomar tana ga abin da ke faruwa bayan biki ya watse. Wa ke kula da hanyar? Da wane kuɗi? Wa ake kamawa in ta lalace tun lokacinta bai yi ba? In ba a amsa waɗannan ba, ko hanya nawa aka gina, bashi kawai muke tarawa.

Mu fara da halin da muke ciki. Nijar ba ta da teku, ba ta da jirgin ƙasa mai aiki. Shinkafa, sukari, magani, taki, ƙarfen gini, duka a bayan kamiyo suke zuwa. Kuma kusan duk kudancin ƙasa a igiya guda yake rataye, wato RN1: Yamai, Doso, Dogondutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, Gure, Difa har Gigimi. Man da matatar SORAZ ke tacewa tun 2011 sai ya yi tafiyar wajen kilomita 900 cikin tanka kafin ya shiga babur ɗin ɗan kabu-kabun Yamai. Simintin Malbaza da albasar Galmi da ayar Maraɗi da tattasan Difa, duk a kanta suke bi.

Sau biyu a ƴan shekarun nan muka ga abin da hakan ke nufi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar Malanbil, kayan da suka saba zuwa daga Kwatano suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina, su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar soja. Kowa ya ji a aljihunsa. Sai kuma Agustan 2024, ruwa ya yanke RN1 a Sorey, dab da Yamai. Manyan motoci suka yi cirko-cirko, babban birnin ƙasa ya shiga layin neman mai. Wuri guda ruwa ya cinye, ƙasa duka ta ji. Ƙasar da mashigin ruwa ɗaya ke iya shaƙe wa wuya, akwai sauran aiki a zancen diyaucinta.

To, me ke kashe kwalta? Abu uku ne, kuma babu na ɓoye a ciki.

Na farko lodi. Injiniyoyi kan tsara hanya ta yi shekara 15 zuwa 20, bisa lissafin nauyin da za ta ɗauka. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA, wadda har yanzu muna cikinta, ta fitar da doka mai lamba 14, ta ce layin ƙafa guda na babbar mota kada ya wuce tan 11 da rabi. Ga inda lissafin ke da ban tsoro: ɓarnar ba daidai da nauyi take hawa ba. In aka ninka nauyin da ke kan layin ƙafa sau 2, lahanin da yake yi wa kwalta yana ninkuwa wajen sau 16. Kamiyo guda da aka yi wa lodi har sama yana cin hanya fiye da dubban ƙananan motoci. Mai kaya ya ci ribar tafiya ɗaya, direba ya miƙa ƴan jikkuna a shinge ya wuce, mu kuma mu biya da hanyar da ta mutu tun ba ta kai rabin shekarunta ba.

Na biyu ruwa. Kwalta ba ta shiri da ruwan da ke kwanciya. Ƴar tsaga ce ke fara buɗewa, ruwa ya shiga ƙasa ya jiƙa burjin da ke ɗauke da ita, mota ta taka, rami ya fito. Ramin da ake iya toshewa da baro ɗaya a watan Mayu, in aka bar shi ya sha damina, a Oktoba ya zama rijiya. Ruwan sama kuma ya sake hali, yana zubowa da yawa cikin ɗan lokaci, mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa sun shaida a 2024. Kwalbatin da aka auna da ruwan shekarun baya ba ya iya ɗaukar ƙoramar yau.

Na uku sakaci, shi ne uban sauran. Share rairayi, yashe kwalbati, toshe rami, sabunta fuskar kwalta bayan ƴan shekaru, aiki ne mai arha in an gwada da sake gini daga tushe. Matsalarsa guda: ba a yi masa biki. Babu wanda ke fitowa a talabijin don ya yashe kwalbati. Shi ya sa ake barin hanya ta mutu, a ciwo bashi, a sake ta, a kira ta sabon aiki.

Wanda ke son ganin ƙarshen sakaci ya tambayi direbobin Tawa zuwa Agadas da Arlit. An gina wannan hanya mai sama da kilomita 600 a ƙarshen shekarun 1970 don fitar da yuraniyom. Shekara da shekaru arzikin SOMAÏR da COMINAK na bi ta kanta yana fita, har aka rufe COMINAK a 2021. Ita kuwa hanyar aka bar ta ta ruɓe, har ta kai a wurare da dama direba ya gwammace ya sauka ya bi rairayi. Ma'adini ya tafi, ramuka suka zauna da mu. Haka aka ja bututu na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin cikin ƴan shekaru, ɗanyen mai ya samu hanyarsa. Manomin albasa da ke nesa da kwalta har yau amalanke ce hanyarsa, albasa kuma ba ta jiran kowa.

Wani zai ce, kai malam, ƙasa na cikin yaƙi, kuɗi na tafiya wajen tsaro, ina za a samu na hanya? Gaskiya ne baitulmali na cikin matsi, kuma akwai yankunan da ɗan kwangila ba ya iya aiki sai da rakiyar soja. Amma ai talaka shi ya fi buƙatar adana rigarsa. Wanda ba shi da kuɗin sake hanya shi ya kamata ya fi kowa tsananta wa mai lodin da ya wuce ƙa'ida. Kuma tsaron ma a kan hanya yake tafiya: motar soja da motar ɗaukar maras lafiya rami ɗaya suke faɗawa.

Ballantana kuɗin gyara ba daga sama ake jiransu ba, ana karɓarsu kullum. Duk motar da ta fita gari tana tsayawa a peyaj ta biya, a ba ta tikiti. Akwai asusu na musamman don wannan aiki, da ana ce masa CAFER, yanzu FER. Tambayarmu mai sauƙi ce. Nawa shingen fita Maraɗi ya tara a bara? Nawa na Damagaram, nawa na Ƙonni? Kilomita nawa aka gyara da su, a ina, wa ya yi aikin? Tun 2011 aka kafa dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukuma. Wanda ya tambayi inda kuɗinsa suka shiga bai zagi kowa ba. A liƙa lissafin a jikin kowane shinge, inda mai biya zai karanta.

Yanzu ga babban abin da ke tafe. A Fabrairun 2021 shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan 2, a hannun kamfanin Mota-Engil na Fotugal. A can an sha yi masa surutu, wai don me za a kai wa Nijar jirgi da kuɗin Najeriya. Lissafinsu a fili yake: suna son kayan da muke shigowa da su ta Kwatano da Lome su koma bi ta tashoshin ruwansu. Babu laifi, kowa gidansa yake gyarawa. Mu namu lissafin fa?

Jirgi guda na iya ɗaukar kayan kamiyo da dama, ya sauke wa kwalta nauyi, ya rage kuɗin dako. Alheri ne babba. Amma jirgi a tasha yake tsayawa, ba ya shiga ƙauye. In babu hanyar kirki daga Dakoro da Mayayi da Madarumfa da Gazawa zuwa tashar Maraɗi, in babu rumbunan ajiya da wurin da duwan za ta sallami kaya ba tare da an kwana ana jira ba, to jirgin zai zo mana cike ya koma wayam. Mu zama kasuwar wasu, waken da riɗin da ayar da muke nomawa su ci gaba da fita a hannun ƴan tsakiya a farashin da suka ga dama. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗi ba: dogon da ke zuwa daga Kano mai faɗi ne, na Yamai zuwa Doso kuwa matsattse ne, mita ɗaya tsakanin ƙarafunansa. Jirgin ɗaya ba ya hawa layin ɗaya. Duk wanda ya zo mana da alkawarin haɗa Maraɗi da Yamai, mu fara tambayarsa wane irin layi, da kuɗin wa, kuma wane kaya zai ɗauka. Doso ta ishe mu darasi.

Mu ma ƴan birni akwai namu kason. Shara da leda da muke turawa cikin magudanar ruwa, su ke mayar da ruwan kan kwalta. Mai gini ya zube yashi da tsakuwa a rabin titi wata da watanni. Mai jan famfo ya fasa hanya ya tafi bai rufe ba. Mai wankin mota ya saki ruwa dare da rana a wuri guda. An yi haɗari a unguwa, maimakon a matsa wa hukuma ta yi abin rage gudu na ƙa'ida, sai a sa diga a tone kwalta. Ranar da ruwa ya shiga ɗakin tsohuwarmu, dukanmu muna da hannu.

Ga abin da muke nema daga mahukunta, na yau da na gobe. A auna kowace babbar mota tun daga inda aka yi mata lodi, wadda ta wuce ƙa'ida a sauke kayan nan take, ko ta wane ce. A wallafa kuɗin peyaj da na asusun gyara, jiha jiha, kowace shekara. Kowane aikin hanya a kafa masa allo da Hausa da Zabarmanci da Faransanci: sunan ɗan kwangila, kuɗin aikin, ranar gamawa, da tsawon lokacin da zai gyara da aljihunsa in ta lalace. A yashe kwalbatoci da magudanan ruwa kafin watan Yuni, a ba matasan unguwa da na ƙauyukan bakin hanya wannan aiki a biya su. Sannan a tsara hanyoyin karkara da za su ciyar da tashar Maraɗi tun jirgin bai iso ba.

Ku kuma da ke karanta wannan, waya na hannunku. Ramin da ke unguwarku, kwalbatin da ya toshe, gadar da ta fara tsagewa, ku ɗauki hoto, ku rubuta sunan wurin da ranar, ku ajiye mana a ƙasan wannan rubutu. Ban da zagi, ban da hoton wata ƙasa, ban da ƙarin gishiri, gaskiya kaɗai ta isa. Ku kai wa hukumar garinku kwafi a rubuce, a buga muku hatimin karɓa. Bayan wata uku ku koma wurin ku sake ɗauka. Wanda ya gyara mu yaba masa da sunansa, wanda bai gyara ba hoto biyu za su yi magana.

Ana ta cewa zancen ƙasa ne. To hanya ma zancen ƙasa ce, don a kanta mai naƙuda ke isa asibiti, a kanta kuma ake yanke farashin tiyar shinkafa. Damina na tafe, ba ta jiran a gama taro.

Allah ya kiyaye matafiya, ya jiƙan waɗanda hanya ta ci.