Lackadaisical: Ba Kowane Mai Sanyin Jiki Ne Rago Ba

Daga cikin kalmomin Ingilishi da ke ɗana wa masu fassara tarko akwai siffar nan lackadaisical. Sau da yawa ɗalibi kan mayar da ita "rago" ko "malalaci" ya wuce abinsa. Wannan fassara ta gaza, kuma gazawarta kan zama rashin adalci ga wanda aka siffanta.

Rago shi ne mai gudun aiki, wanda Ingilishi ke kira lazy, Faransanci kuma paresseux. Wanda aka ce masa lackadaisical kuwa ya halarci wurin aikin, har ya kama shi, sai dai zuciyarsa ba ta ciki. Shi ne ɗan wasan da ke bin ƙwallo kamar an tilasta masa, ko ma'aikacin da ke buga hatimi yana hamma. Ba a tuhumarsa da ƙin aiki. Rashin karsashi ne laifinsa.

Tarihin kalmar ya goyi bayan haka. Asalinta furucin baƙin ciki ne, alack the day, kusan "kaico da wannan rana". Furucin ya gajarce ya zama lackaday, sannan lackadaisy, aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar da ta mayar da shi siffa. An ga kalmar a rubuce tun 1768, a littafin Laurence Sterne mai suna A Sentimental Journey. A wancan zamani tana nufin mutum mai langaɓewa da yawan ajiyar zuciya, daga nan ne ma'anar ta gangaro zuwa mutuwar jiki a wajen aiki.

Har kuskuren da ake yi wajen furta ta yana da darasi. Masu Ingilishi da dama kan ce laxadaisical, domin kunnensu ya jiyo lax, mai nufin sako-sako. Masu gyaran harshe na kushe wannan furuci, amma ga mai nazari shaida ce cewa sakaci mutane ke ji a cikin kalmar.

Ɗalibin da ya bi ta Faransanci zai tarar da nonchalant, wadda ta samo asali daga tsohon aikatau chaloir, shi kuma daga calere na Latin, wato yin zafi. Marar zafi ke nan, kuma a nan Hausa ba ta buƙatar aro: tana da "sanyin jiki", kishiyar "zafin nama". Tana da "halin ko-in-kula", da "aikin ganin dama", da yin abu "a kasalance". Jimla ce za ta nuna wadda ta dace.

Lamarin ya wuce wasa da ƙamus. Idan rahoton shugaba ya ce aikin ma'aikaci lackadaisical ne, mai fassara ya rubuta "rago", to ya ɗora wa mutum laifin da ba a tuhume shi da shi ba, kuma abincin wani na iya rataya a kan wannan kalma guda.