Ra'ayinmu: Kada Mu Sayar Da Tarihin Nok

A shekarar 1928 ne masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba ta kudancin Jihar Kaduna. Bincike ya nuna cewa waɗanda suka gina irin waɗannan siffofi sun rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, har sun iya narka ƙarfe, kamar yadda aka gani a Taruga.

Abin takaici, tun cikin shekarun 1990 dillalai suka riƙa shiga ƙauyuka suna sa matasa tone gonaki da tuddai. A ba mai haƙa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, dillali kuwa ya kwashi dukiya a Turai. Asarar ta wuce ta kuɗi. Masu bincike suna gane shekarun abu da rayuwar masu shi ne daga zurfin ƙasar da yake kwance, da gawayi da sakaina da ke kewaye da shi. Mai haƙar sata yakan ɗauke kan mutum-mutumin ya watsar da sauran, labarin ya ɓace har abada.

Doka tana nan. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana saye da sayar da kayan tarihi ko fitar da su waje ba tare da izini ba. Duk da haka, a shekarar 2000 sai ga kayan Nok a gidan tarihin Louvre da ke birnin Paris. Sai a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25. Ashe abin da ya tsallake iyaka, dawo da shi sai an sha wuya.

Saboda haka tsaron gaskiya a ƙauye yake. Masu cewa ai gumaka ne, a fasa ko a sayar, su sani ba wanda ya ce a yi musu sujada. Shaida ce ta hikimar mutanen da suka riga mu zama a wannan ƙasa. Muna roƙon hakimai, dagatai da dattawan ikilisiya su ja kunnen matasa. Wanda garmarsa ta tono irin wannan abu, ya bar shi inda yake, ya sanar da mai unguwa da gidan tarihi mafi kusa, kamar na Jos ko na Kaduna. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.