Mun Sallami Sojojin Amurka, Amma Wa Ya Karanta Takardunsu?

Watan jiya wani tsohon ɗalibina, wanda na koya wa tarihi a lise, ya zo gaishe ni bayan isha'i riƙe da daftarin memuwar ɗinsa. Yana karatu a ɗaya daga cikin jami'o'in ƙasar nan, kuma ya zaɓi ya yi rubutu kan dangantakar Nijar da Amurka, tun daga samun ƴancin kai har zuwa ficewar sojojinsu a 2024. Na yi murna ƙwarai. Muka zauna kan tabarma, na buɗe shafin ƙarshe, inda ɗalibi ke jera wuraren da ya samo bayani. Abin da na tarar shi ne rubuce-rubucen Facebook, da wani bidiyon TikTok, da muryar WhatsApp da aka ce ta "wani babban jami'i" ce, sai littafin Faransanci guda da ya girmi yaron.

Na ce masa: "Ɗana, ina takardun su Amurkawan?" Ya ce: "Mushe, a ina zan same su? Littattafan ɗakin karatunmu da suka shafi Amurka ba su cika kanta ɗaya ba. Kwamfutoci akwai, amma ran da aka samu kuran babu intanet, ran da aka samu intanet babu kuran."

Ban yi masa faɗa ba. Faɗan nawa da mu ne, malamai da iyaye, da masu rabon kuɗin ilimi. Muna son ƴaƴanmu su yi magana da kakkausar murya kan manyan ƙasashen duniya, amma mun bar su ba su da inda za su karanta abin da ƙasashen nan suka rubuta a kanmu.

Bari in tuna mana wani abu da ya faru muna raye. Ran 28 ga Janairun 2003, shugaba George W. Bush ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka ya ce Ingila ta gano cewa Saddam Husaini ya nemi sayen uraniyom daga Afirka. Ƙasar da ake nufi ita ce Nijar. Akwai wasu takardu da ke yawo a lokacin, masu ɗauke da tambarin gwamnatinmu, da ke nuna wai an ƙulla ciniki tsakanin Yamai da Bagadaza. Ran 7 ga Maris, Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun na jabu ne. Ɗaya daga cikinsu mai kwanan watan Oktoban 2000 tana ɗauke da sa hannun Allele Elhaji Habibu a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar wannan kujera tun 1989. Duk da haka, kafin ƙarshen watan nan na Maris bama-bamai suka fara sauka kan Iraƙi. Joseph Wilson, jami'in diflomasiyyar da aka turo Yamai a Fabrairun 2002 ya bincika maganar, ya fito a jaridar New York Times ran 6 ga Yulin 2003 ya ce bai ga abin da ake faɗa ba. Majalisar dattawansu ta fitar da rahoton bincike a 2004.

An sa sunan ƙasarmu cikin hujjojin yaƙin da ya lashe rayukan dubban mutane. Jawabin Bush, da rubutun Wilson, da rahoton majalisa, duk suna nan a ajiye, kowa na iya karantawa. A jami'o'in Amurka da Turai an yi ta rubutu a kan wannan ƙarya. To mu masu sunan fa, ɗalibanmu nawa ne suka taɓa buɗe ko ɗaya daga cikin takardun nan?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yawancin kayan nan kyauta ne. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana buga kundin wasiƙun diflomasiyyarta tun 1861, kuma ofishin tarihinta ya sa shi a intanet. Ɗalibin da ke son sanin yadda fadar Washington ke kallon Afirka a zamanin da Diori Hamani ya ziyarci shugaba Johnson a 1967, can zai fara. Ɗakin karatun majalisar Amurka, da aka kafa a 1800, yana da rumbun tsofaffin jaridu mai suna Chronicling America, ba a biyan ko dala. Sashen bincike na majalisarsu, mai rubuta wa ƴan majalisa taƙaitattun rahotanni kan al'amuran yau, ya buɗe su ga kowa tun 2018, kuma akwai na Nijar da Sahel a ciki. A jami'ar George Washington akwai cibiyar da tun 1985 take tattara takardun sirrin da aka tilasta wa gwamnati ta saki ƙarƙashin dokar ƴancin samun bayanai ta 1966. Ko harin Tongo Tongo na 4 ga Oktoban 2017, inda aka kashe sojojinmu da Amurkawa huɗu, ma'aikatar tsaronsu ta fitar da taƙaitaccen sakamakon bincikenta a Mayun 2018.

Mujallun bincike su ne masu tsada, amma su ma akwai ƙofa. JSTOR ta buɗe shiri na musamman domin jami'o'in Afirka tun 2006. Research4Life, da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke cikinsa, yana bai wa cibiyoyin ilimi na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu damar shiga kyauta. Sharaɗin shi ne cibiya ta yi rajista, a samu ma'aikacin da zai riƙe mabuɗin shiga, ya koya wa ɗalibai. Nan ne gizo ke saƙa. Mun ɗauki ɗakin karatu wurin ajiyar kaya, mun ɗauki mai kula da shi kamar mai gadin sito, alhali aikinsa sana'a ce da ake koyo shekara da shekaru.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha jin sa a majalisar shayi. Na farko: "Mun kore su, me ya rage mu yi da tarihinsu?" Gaskiya ne an soke yarjejeniyar soja a Maris na 2024, kuma sun bar sansanin Yamai a Yuli, na Agadas a Agusta. Amma Amurka ba ta bar duniya ba. Tana da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, ita ce mai kaso mafi girma a Bankin Duniya da Asusun Lamuni, kuma da kuɗinta ake cinikin man fetur. Gobe ɗan wani daga cikinmu zai zauna teburin shawara da su. Na gabansa ya karanta duk abin da aka rubuta kan Nijar, shi kuma ya zo da muryar WhatsApp. Wa zai cuci wani? Ƴancin kai da jahilci ba sa kwana ɗaki ɗaya.

Na biyu: "Ai takardunsu farfaganda ce." Wasu haka suke. Shi ya sa ake karanta su da ido biyu, a gwada na gwamnati da na ƴan adawa, na soja da na ƴan jarida, nasu da namu. Ƙaryar uraniyom ba da zagi aka tona ta ba. Wani ne ya duba suna da kwanan wata ya ga ba su dace ba. Wannan shi ne aikin da muke cewa muna koyarwa a ajin tarihi.

Na uku: "Mu fara da tarihinmu." Na yarda, kuma ina alfahari cewa jami'ar Damagaram tana ɗauke da sunan André Salifou, ta Tawa kuma sunan Djibo Hamani, dukansu masana tarihi. Amma wani yanki na tarihinmu yana can a kantocinsu. Nicholas Said, ɗan Kukawa ta Barno, an kama shi bawa aka ratsa da shi Sahara zuwa Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha ya kai Amurka, ya shiga rundunar baƙaƙen fata a yaƙin basasarsu, ya buga tarihin rayuwarsa a 1873. Jami'ar North Carolina ta sa littafin a intanet kyauta. Umar bin Sa'id, malami ɗan Futa Toro, ya rubuta nasa da Larabci a 1831 yana cikin bauta, kuma rubutun hannunsa yana ɗakin karatun majalisarsu, ana ganin hotonsa shafi-shafi. Almajirin da ya yi nisa a karatu zai karanta shi ba tafinta.

Na huɗu: "Babu kuɗi." Ban nemi bene ba. Faifan hasken rana da batura, da layin intanet mai tsayawa, da ma'aikaci guda da ya san aikinsa, da faifan ajiya da za a sauke takardu a ciki don ranar da layi ya yanke: wannan bai kai kuɗin motar ofis guda ba.

Mu malamai, laifinmu ya fi kusa. Muna karɓar aikin ɗalibi mu sa maki ba mu tambaye shi "wa ya faɗa, yaushe, a ina aka rubuta?" ba. Malaman Ingilishi kuma, shekara bakwai yaro yana hannunku daga kolej zuwa BAC. Idan ya fito bai iya karanta shafi biyu na rahoto ba, me aka yi? Ku kawo takarda ta gaske cikin aji, ko da sakin layi ɗaya ne, a warware shi tare da malamin tarihi.

Iyaye, ku da kuke sayar da gero da bisashe don yaro ya kai jami'a, kuna da haƙƙin tambaya. In ya zo hutu, bayan kun tambayi abinci da wurin kwana, ku tambaye shi ko ɗakin karatu na buɗe da dare, ko akwai wanda ya nuna masa yadda ake shiga mujallu. In amsar a'a ce, ƙungiyoyin iyaye su rubuta wa shugabannin jami'a, su sake rubutawa har a amsa.

Ɗaliban Yamai kullum suna tsallaka gadar Kennedy, da aka gina da taimakon Amurka aka buɗe a 1970. Ya kamata su iya faɗin dalilin da ya sa aka gina ta, da abin da masu ba da kuɗin ke nema, daga takardu.

Shi kuwa ɗalibina, mun kwana biyu muna sauke takardu da wayata har kuɗin intanet ɗina ya ƙare. Ya koma da su cikin kile, zai sake babi uku. Shi ya yi sa'ar tsohon malami mai taurin kai. Sauran ƴan ajinsu fa, wa zai nuna musu?