Kwanciya Ba Ta Maganin Gajiyar Allurar Sankara

Akwai wata ɗabi'a da 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu suka ɗauka alheri ce, alhali kuwa cutarwa ce. Da zarar labari ya zo daga Jos cewa likitocin Asibitin Koyarwa na Lamingo sun sami tsoho da sankarar mafitsara, watau ta ƙullutun nan da ke gindin mafitsarar maza, sai ɗa ya aika da kuɗi, ya haɗa da doka: kada Baba ya fita, kada ya ɗaga ko da buta. Bayan wata shida ɗan ya je gida ya tarar sai an kama mahaifinsa kafin ya tashi daga tabarma, ya ce ai ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Sau da yawa kwanciyar tana da nata kason.

Maganin da aka fi yi wa masu wannan ciwo, ko allura ce ta wata-wata ko ta wata uku-uku, ko kuwa aikin cire 'ya'yan maraina, duk manufarsa ɗaya ce, a rage sinadarin mazakuta wanda sankarar ke samu ta girma. Wani likita a Amurka, Charles Huggins, shi ya gano haka a 1941, har aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Magani ne mai aiki. To, amma wannan sinadari shi ke riƙe da tsoka da ƙashi. In ya ragu sai tsoka ta saki, tumbi ya fito, zufa ta riƙa keto wa mutum ko cikin sanyin Jos, ga wata kasala wadda barci ba ya kore ta. Mai kwanciya kullum ƙara wa tsokar mutuwa yake yi.

Shi ya sa tun 2014 hukumar da ke tsara ka'idojin magani a Ingila ta ce duk wanda aka ɗora bisa wannan allura a sa shi motsa jiki, aƙalla sau biyu a mako har mako 12, don rage gajiya.

Mutumin Jos kuwa Allah ya hutar da shi. Gari ne bisa tudu, sama da mita 1,200, ba shi da zafin da ke hana tsohon Sakkwato fita. Dattijo a Gangare ko Unguwar Rogo ya fara da takawa zuwa masallacin unguwa maimakon salla a ɗaki. In ya saba, ya ƙara nisa har ya kai minti 30. A gida ya zauna kan kujera ya miƙe sau goma ba tare da dafa komai ba, ya ɗaga galan mai rabin ruwa. Lokacin hunturu ya bari sai hantsi ya dubi ludayi.

Sai dai akwai wanda ba a yi wa gaggawa. Wannan sankara tana son ƙashi, musamman na baya da ƙugu. Wanda ke fama da ciwon baya mai hana barci, ko ƙafafunsa suka fara sanyi, ko jiri ke ɗibarsa, asibiti za a kai shi tukuna, likita ya faɗi abin da jikinsa zai ɗauka. Sauran kuwa, yaron da ake biya ya tsare Baba a ɗaki, gara a biya shi ya raka shi tafiya kowace safiya.