Awa Ɗaya da Rabi a Allo, Kwana Biyu a Hanya

Tsakanin filin jirgin sama na Sakkwato da na Maiduguri akwai tazarar kusan kilomita 870 a miƙe. Da jirgi zai tashi kai tsaye, da awa ɗaya da rabi ta wadatar. Irin lissafin da muke koya wa 'yan aji shida ke nan: a raba nisa da gudu, a sami lokaci.

Sai dai galibi matafiyi sai ya sauka Abuja ya jira wani jirgin, kuɗin tikiti kuwa ya fi ƙarfin malamin firamare. Mu hanyarmu ta mota ce: Gusau, Funtuwa, Kano, Potiskum, Damaturu, fiye da kilomita 1,100. Mai hankali ba ya bin ta da dare, tilas a kwana a Kano.

Saboda haka muna kira ga masu shirya tarukan bita da na ƙungiya su riƙa yin lissafi da kwanakin hanya. A aiko da gayyata da wuri, a biya kuɗin mota da na masauki kafin a tashi. Zuwa da dawowa kaɗai kwana huɗu ne, yara kuwa suna bukatar wanda zai riƙe musu aji.